Abin da Majigin Hutu Ya Tono Mana a Titin Bauchi



Da yawanku kun yi ta tambaya, a wajen taro da kuma ta waya, wai me ya faru ne da majigin da muka riƙa nuna wa yara lokacin dogon hutu, har ake cewa kwamiti ya kusa darewa biyu a kansa. Shugaba ya ce mu rubuta yadda abin ya gudana a nan kowa ya karanta, kafin maganar ta ƙara nisa da ƙarin gishiri. To ga shi, yadda muka gani da idonmu.

Asalin abin ba wani babban tsari ba ne. Kun san yadda Agusta take a Jos: ruwa ba ya ɗaukewa, sanyi ya hana zama a waje, makarantu a rufe, yara kuma in ba suna bakin tasha ba to suna ƙuryar ɗaki da waya a hannu. Wani ɗan ƙungiya, malamin sakandare, ya ce yana da majigi da wasu tsofaffin shirye-shiryen talabijin na tarihi a kwamfutarsa. Muka kafa farin zanen gado a bangon ɗakin taro, muka toshe tagogi da tabarmi, ma'aji ya fitar da kuɗin man janareta yana ƙunƙuni, aka sa ranar Asabar bayan la'asar. Mu aka ɗora wa tafinta, don Turancin mai shirin irin na manyan Ingila ne na da, wanda ko 'yan jami'a sai sun kasa kunne sosai.

Sunan shirin Civilisation, wato wayewa. BBC ce ta fitar da shi a 1969, kashi 13, kowane kashi kimanin minti 50. Mai gabatarwa Kenneth Clark ne, mutumin da aka ba shugabancin babban gidan ajiye zane-zane na Landan yana ɗan shekara talatin. Wanda ya nemi a yi shirin kuwa David Attenborough ne, wannan dattijon da kuka sani da fina-finan namun daji, a lokacin yana shugabantar tasha ta biyu ta BBC kuma yana neman abin da zai burge mutane da talabijin mai launi da ta fara shigowa. Clark ya bi tarihin Turai ta yamma tun daga faɗuwar daular Rum har zuwa zamanin injuna, amma bai bi ta kan yaƙe-yaƙe da jerin sarakuna ba. Ta kan gini ya bi, da zane, da sassaƙa, da kiɗa, da littafi.

A kashin farko yana tsaye a bakin kogi a birnin Faris, majami'ar Notre-Dame na bayansa, yana cewa ba zai iya fassara wayewa da baki ba, amma in ya gan ta yana gane ta. Yara suka yi dariya, wani ya ce ai haka tsohuwarsa take cewa game da man shanu mai kyau. Har nan lafiya lau.

Can gaba kaɗan sai ya nuno wata fuskar dodo ta itace da aka sassaƙa a Afirka, ya jera ta da kan wani mutum-mutumin farin dutse na Apollo, ɗaya daga cikin gumakan Girkawa, wanda ke ajiye a fadar Fafaroma. Ya yarda cewa fuskar tana da ƙarfi a ido, amma ya ce Apollo ya fito daga matakin wayewa mafi girma: ita fuskar daga duniyar tsoro da duhu take, shi kuwa daga duniyar haske da natsuwa. Mun ɗan yi jim kafin mu fassara. Zuciya ta raya mana mu sassauta, mu ce yana kwatanta al'adu biyu ne kawai. Amma akwai yaran da suka ji Turancin, kuma tafinta in ya yi ƙarya sau ɗaya ya gama. Muka faɗa yadda ya faɗa.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Wani yaro ɗan aji biyar ya ɗaga hannu ya ce, “Kawu Sakatare, zagin mu yake yi kenan?” Muka ce masa, “Ra'ayinsa ya faɗa, kuma mu ba mu yarda da shi ba. Amma ka riƙe tambayar, za mu dawo kanta.” Gaskiyar magana a ranar ba mu da amsar da ta fi wannan.

Ranar Lahadi kwamiti ya zauna, kuma nan ne aka yi ta. Ƙorafi biyu aka kawo, kuma ba mu ga wanda za a raina a cikinsu ba. Na farko, wasu iyaye sun ji cewa akwai gumaka da hotunan mutane ba sutura. Wannan gaskiya ne, zanen Turawa cike yake da su, kuma laifinmu ne da ba mu kalli shirin tun daga farko har ƙarshe ba kafin mu tara 'ya'yan mutane maza da mata. Mun amsa wannan laifin a gaban kwamiti, muna kuma sake amsa shi a nan. Na biyu, mataimakin shugaba ya ce yaran nan dama sun tashi suna jin cewa komai na kirki daga waje yake zuwa, don me za mu sayi mai da kuɗin ƙungiya mu kawo Bature ya tabbatar musu? Murya ta ɗan ɗaga. Har an fara maganar a naɗe zanen gado a mayar wa mai shi.

Wanda ya kashe wutar shi ne wanda ba mu zata ba. Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon magini, ya haura tamanin, wanda ya koyi ginin ƙasa wurin mahaifinsa a Zariya kafin ya zo Jos yana saurayi ya koma ginin bulo. Ba za mu faɗi sunansa ba don bai so, amma kowa a unguwa ya san shi. Ya zo kallon ranar Asabar ne kawai don ya rako jikokinsa. Ya ce, “Ni ban ji Turancinsa ba, kuma abin da Sakatare ya fassara bai yi mini daɗi ba. Amma mutumin nan ya san kayan gidansu. Ku bar yara su ga yadda ake sanin kayan gida.” A kan haka aka tsaya: mu da malamin za mu riƙa kallon kowane kashi tukuna, mu tsallake abin da bai dace ba, kuma bayan kowane kallo a zauna a yi muhawara. Iyaye biyu sun janye 'ya'yansu duk da haka, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Asabar ta biyu ita ce ba za mu manta ba. Kashi na biyu ya ƙare ne a majami'ar Chartres da ke Faransa, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1194. Na'urar ɗaukar hoto ta ɗaga kai a hankali tana bin ginshiƙai har can ƙololuwa, inda bakunan dutse ke tasowa daga kowace kusurwa su haɗu a tsakiya, tsayin ya haura mita talatin. Dattijon nan ya miƙe daga kujerarsa, ya ce a tsayar. Aka tsayar da hoton. Ya taka har gaban zanen gado, inuwarsa ta rufe rabin ginin, ya sa sandarsa yana bin layukan.

“Wannan ai bakan gizo ne,” in ji shi. “Nan kuma inda suka haɗu, ɗaurin guga. Su da dutse suka yi, mu da azara da ƙasa.” Ya shiga yi wa yara bayanin yadda ake jera azarar giginya hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe kafin a ɗora ta gaba, har bakuna biyu su sumbaci juna a sama ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Ya ce gara ba ta cin azara shi ya sa ake nemanta. Ya faɗi yadda ake murza tubali da hannu, da yadda ake shafe bango da makuba don ruwa ya zame, da dalilin da ya sa ake kafa zanko a kusurwar soro. Jikokinsa biyu suna zaune baki buɗe. Daga baya babban ya gaya mana cewa bai taɓa sanin kakansa ya iya wani abu ban da ɗora bulo ba.

Da muka ba da labarin da aka rubuta cewa a wajen 1145 mutanen Chartres, har da masu sarautarsu, sun ɗaura igiya a jiki suna jan amalanken dutse zuwa wurin ginin, sai wata yarinya ta ce, “Ashe su ma suna aikin gayya.”

Sannan dattijo ya juyo ya yi tambayar da ta kunyata mu duka, manya da yara. Ya ce, “Baturen nan ya kira sunan maginansu da masu zanensu ɗaya bayan ɗaya. Ku wa ya gina masallacin Juma'a na Zariya?” Ba wanda ya amsa. Shi ya faɗa: Babban Gwani Muhammadu Durugu, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830. Yaran da a mako na biyar za su iya gaya maka cewa Mikelanjelo ya kwashe daga 1508 zuwa 1512 yana zana rufin wata majami'a a Rum, ba su taɓa jin sunan Babban Gwani ba. Mu ma da muke tafinta, sunan kawai muka taɓa ji, ba mu san aikinsa ba.

A nan ne ra'ayinmu game da shirin ya zauna, kuma za mu faɗe shi ko da wasu ba za su so ba. Clark ya yi kuskure game da Afirka, kuskure mai ciwo, kuma idonsa gajere ne ko a cikin Turai ɗin: ya tsallake ƙasar Sifen gaba ɗaya, don haka a kashi 13 ba ka ganin Kurɗuba ko fadar Alhambra, balle a yi maganar Andalus da littattafan da aka fassara daga Larabci suka shiga makarantun Turai. Amma aikin da ya sa a gaba ya yi shi da gaske. Yana tsayawa a gaban abu guda minti uku, huɗu, ba gaggawa. Ya san wanda ya yi shi, da shekarar, da wanda ya biya kuɗin, da abin da ke damun mutanen lokacin. Ya ɗauki kayan kakanninsa a matsayin abin da ya cancanci a ɓata lokaci a kansa. Mu kuwa in aka rushe tsohon soro a sa bulo da kwano sai mu ce an samu ci gaba, ko hoto ba ma ɗauka.

Tambayar yaron nan ba mu manta da ita ba, kuma abin daɗin shi ne Turawan da kansu sun amsa wa Clark. A 1972 BBC ɗin dai ta fitar da Ways of Seeing na John Berger, kashi huɗu kacal. Shi ya buɗe nasa ne da wuƙa a hannu, yana yanke kan wata mata daga kwafin wani shahararren zane, don ya nuna cewa waɗannan hotuna ba abin bauta ba ne, abin tambaya ne. Ya ce yawancin zanen mai na Turai tallar dukiya ne: mai kuɗi ya biya a zana shi da abin da ya mallaka. Ya kawo misalin wani zane na wajen 1750, wani mai gona da matarsa a gindin itace, gonakinsu shimfiɗe har iyakar gani. Yara suka gane wannan nan take. Ɗaya ya ce, “Kamar mai ɗaukar hoto jingine da motarsa ya sa a Facebook.” Mun kuma gaya musu cewa irin fuskokin da Clark ya ajiye a matakin ƙasa su ne Pikaso ya gani a wani gidan tarihi na Faris a 1907, suka juya masa salon zane, daga nan zanen Turai bai sake komawa yadda yake ba. A 2018 BBC ta sake yin shirin da sunan jam'i, Civilisations, kashi tara, kuma ɗaya daga cikin masu gabatarwa uku shi ne David Olusoga, haifaffen Legas, wanda ya tsaya a kan kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897.

Wani abin da malamin ya tono ya fi ba mu mamaki, don a ƙofar gidanmu yake. A 1986 an yi wani shiri mai kashi tara, The Africans, wanda BBC da wata tashar Amurka suka yi tare da NTA. Mai gabatar da shi Farfesa Ali Mazrui ne, mutumin Mombasa ta Kenya, wanda ya rasu a 2014, kuma a shekarun da ake shirya shi yana riƙe da muƙamin farfesa a Jami'ar Jos, wannan dai da muke wucewa ta ƙofarta kullum a kan Titin Bauchi. Ya ce Afirka gado uku ta ci: na gargajiya, na Musulunci, da na Turawa. Ya caccaki mulkin mallaka har wata hukumar Amurka da ta ba da kuɗin shirin ta nemi a cire sunanta. Kafin shi, a 1984, Basil Davidson ya yi nasa mai kashi takwas, shi ma da hannun NTA, inda ya shiga fadar Kano zamanin marigayi Sarki Ado Bayero ya nuna yadda ake zaman fada. Da muka nuna wannan kashin, iyayen da suka janye 'ya'yansu ɗaya ya dawo da nasa, ya kuma zauna ya kalla.

Kuma ku tuna garin da muke ciki. A Jos aka fara watsa talabijin mai launi a Najeriya a tsakiyar shekarun 1970. Hedikwatar hukumar fina-finai ta ƙasa tana nan, kwalejin talabijin tana nan, kuma da yawan masu ɗaukar hoto da 'yan wasan fina-finan Hausa 'yan garin nan ne. Ba za mu ce ba mu da masu riƙe na'ura ba.

Asabar ta ƙarshe ba mu kunna majigi ba. Kuɗin man muka haɗa da ɗan abin da Shugaba ya ƙara, muka ɗauki Keke Napep muka kai yara gidan tarihi. Kafin mu tashi mun tambayi wanda ya taɓa zuwa gidan zu da salla, kusan kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya taɓa shiga gidan tarihin da ke maƙwabtaka da shi kuwa, mutum uku ne, kuma ɗaya malamin ne.

Bernard Fagg ne ya kafa gidan a 1952, kuma haƙar kuza ce ta haife shi. A 1928 masu haƙa suka fara tono wani kan yumɓu a ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna ta yau. Wajen 1943 aka kawo wa Fagg wani kan daga Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye da shi. Binciken da masanan Jamus na jami'ar Frankfurt suka yi tare da na Najeriya ya nuna an fara yin irin waɗannan tun kimanin shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Apollon da Clark ya nuna kwafi ne da Rumawa suka yi daga wani na Girkawa na wajen shekara 330 kafin haihuwar tasa. Muka kira yaron da ya yi tambayar ranar farko, muka tsayar da shi gaban kan yumɓun, da idanunsa masu kusurwa uku da gyaran gashinsa, muka gaya masa shekarun biyu. Ya yi lissafi da yatsu, bai ce komai ba, ya ɗauki hoto. Ba mu ce masa kakannin Hausawa ne suka yi ba, don sunan Nok ma na ƙauyen ne aka laƙaba musu. Ƙasar dai da muke takawa ce, mu da maƙwabtanmu Birom da Anaguta da Afizere da sauran jama'a.

Daga nan muka wuce ta wurin tsohon kan jirgin ƙasan da ke tasowa daga Zariya zuwa Jos kafin a rufe layin a 1957. Dattijo ya ce irinsa mahaifinsa ya riƙa hawa. Sai ɓangaren gine-ginen gargajiya, wanda wani masanin gini ɗan Folan, Zbigniew Dmochowski, ya tsara bayan ya kwashe shekaru yana auna gine-ginen ƙasar nan. Akwai ganuwar Kano da aka kwaikwaya, akwai kuma kwafin masallacin Zariya na Babban Gwani. Dattijo ya cire takalmi, ko da yake ba salla ake yi a ciki ba. Ya ɗaga kai ya daɗe. Ya dafa bango da tafin hannu, ya kira jikansa ya ce, “Zo ka ga inda azara ta kwanta.” Mun ga idonsa ya kawo ruwa, muka kau da kai.

A hanyar dawowa ne muka ƙulla cewa za mu ɗauke shi a bidiyo yana wannan bayanin, tun daga kwaɓa ƙasa har ɗaurin guga. Mun yi zama ɗaya da shi a zaurensa da wayar malamin, minti arba'in da 'yan kai, kuma rabin sautin ruwan sama a kan kwano ya cinye shi. Muka ce sai mako mai zuwa. Kafin makon ya zagayo jiki ya motsa masa, yanzu yana kwance, magana tana yi masa wuya. Muna roƙon ku sa shi a addu'a, Allah ya ba shi lafiya.

In an yi maganar Hausawan Jos a talabijin, yawanci hayaƙi ake nunawa, na 2001 ko 2008 ko 2010, ko kuma gobarar babbar kasuwar Taminus ta 2002. Amma a Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo da nan Titin Bauchi akwai tsofaffin da suka wanke kuza da hannunsu, da maɗinka babbar riga masu aska takwas, da dukawa, da marubutan Alƙur'ani masu zayyana, da tsofaffin direbobin da suka san hanyar Bauchi tun tana turɓaya, da iyayenmu mata da suka san waƙoƙin daka da na biki. Kwamiti ya amince a zaman da ya gabata cewa duk wata za a ɗauki mutum ɗaya, kuma mataimakin shugaba, wanda ya fi kowa adawa da majigin, shi ya yi alkawarin sayen makirufo.

Abin da muke nema a wurinku: wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida da zai yarda a zauna da shi, ya sanar da mu. Iyaye mata kuwa 'yan matan ƙungiya ne za su ɗauke su, a cikin gida, da izinin mai gida. Wanda ke da tsofaffin hotuna ya kawo mu ɗauki kwafi a gabansa ya koma da abinsa. Muna kuma buƙatar yara biyu masu kyakkyawan rubutun Hausa da za su zauna da minti arba'in ɗin nan na Baba su rubuta abin da ake iya ji, don akwai kalmomin gini a ciki da mu kanmu sai mun koma mun tambayi wani tsohon maginin. Zama na gaba ranar Asabar ne bayan la'asar, a ɗakin taro.